Amfilifayar motata tana ɗaukewa da rana, jar fitilarta tana kamawa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wutar mota. Wata biyu ke nan da aka haɗa mini amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan sifiku biyu a but ɗin motata. Da safe tana aiki lafiya lau, amma idan na kama hanyar Illela da azahar, kafin in kai Kware sai sautin ya ɗauke, jar fitilar da ke jikinta ta kama, kuma ba ta dawowa sai na kashe rediyo na ɗan lokaci. Da dare kuma fitilun gaba suna dusashewa idan na ƙara sauti. Wanda ya haɗa ya ce laifin batir ne, na sayi sabo, amma ba ta sake zani ba.

Tsohon mai rewaya:
Wa alaikumus salam. Malam, an sa ka kashe kuɗi ba tare da an gwada komai ba. Ka sa a ɗora mita a kan batir inji yana aiki, ya kamata ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5, sannan a sake gwadawa a bakin amfilifayar alhali sauti yana tashi. Idan wutar ta faɗi sosai a can, to a hanya take ɓacewa. Abin da na fi samu shi ne wayar negatib ta amfilifayar da aka ɗaura a jikin mota a kan fenti, ko aka maƙala a jikin wani ƙaramin noti mai tsatsa. A kankare fentin har ƙarfe ya fito fes, wayar ta zama gajera, kaurinta daidai da na wadda ta taso daga batir. Yawancin wayoyi masu araha kuma alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba sa ɗaukar wuta kamar na ainihi.

Direban hanyar Tambuwal:
Ina goyon bayan Baba, sai dai kada a manta da zafin Sakkwato, inda a watan Afrilu ake wuce digiri 40, balle a cikin rufaffen but. Tunda da rana kawai take yankewa, ina zargin zafi ne yake sa ta kare kanta. A duba yadda aka haɗa sifikun, domin biyu masu om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta) idan aka haɗa kawunansu wuri ɗaya om 2 suke komawa, kuma ba kowace amfilifaya ce take jure wannan ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba, lallai a kan fenti aka ɗaura wayar negatib ɗin, amfilifayar kuma tana ƙarƙashin kafet. Amma ban ga fiyus kusa da batir ba. Shin na jikin amfilifayar bai isa ba?

Tsohon mai rewaya:
Bai isa ba, ɗana. Wancan fiyus ɗin, na'urar kaɗai yake karewa. Idan doguwar wayar da ta taso daga batir ta goge ta taɓa jikin mota, babu abin da zai yanke wutar, kuma haka gobara take tashi. Ka cire kan negatib na batir tukuna, a saka fiyus daidai ƙarfin wayar, tazarar da ba ta wuce santimita 45 daga batir ba, kafin ka sake kunna ta.