Tsohuwar doka ko sabuwa? Tambaya kan haƙƙin mallakar ƙirƙira

Assalamu alaikum malamai da lauyoyi. Ni ɗalibin shari'a ne a Kongo, Zariya, ina rubutun kammala karatu, kuma wata gaɓa ta tsaya mini.

A nan Najeriya dokar haƙƙin mallakar ƙirƙira ta 1970 ce ke aiki, kariyar kuma shekara 20 ce daga ranar shigar da takardar neman haƙƙin. Amurka kuwa ta canza tata dokar a 2011: daga 16 ga Maris 2013 wanda ya riga shigar da takarda shi ke da fifiko, ba wanda ya riga ƙirƙira ba.

To, a ce wani ya shigar da tasa a Abuja a Disamba 2012, ya kai Amurka a Yunin 2013, cikin wata 12 da Yarjejeniyar Paris (ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallakar ƙirƙira) ta ba shi don ya riƙe ranarsa ta farko, amma ya ƙara da'awa guda (wato bayanin abin da yake neman a kare masa) wadda babu ita a takardar farko. Na fahimci wannan guda ɗaya tana jan dukan takardar zuwa sabuwar doka, ko da ya cire ta daga baya. A ganina hakan ya yi tsauri. Shin tsofaffin da'awoyin suna riƙe ranarsu ta 2012 in aka zo tantance wa ya riga? Don Allah wanda ya sani ya warware mini, babin nan ya hana ni gaba.