AC ɗin tsohuwar tirela yana gurnani amma ba sanyi, a taimaka

Baban Hanifa:
Salam 'yan uwa, masu sanin harkar AC don Allah ku leƙo. Na sayi tsohuwar tirelar yawo ƙirar 1974 a nan Tekzas ta Amurka, irin mai jikin alminiyom da ake ja da mota, da gado da kicin a ciki. Komai ƙalau sai AC ɗin da ke kan rufi. In na kunna fanka tana juyawa, kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya yi ta gurnani kamar zai tashi can sai ka ji ƙas ya ɗauke, iska mai zafi kawai ke fitowa. Da rana cikinta kamar tanda wallahi, ga yara sun matsa a fita hutu. Gas ne ya ƙare?

Sani Mai Firij:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai kar ka fara da gas, in gas ne ya zube kwamfiresa zai tashi ya yi ta aiki, sanyin ne kawai babu. Wannan gurnanin yawanci kafasito ne ya mutu, shi ke ba shi ƙarfin tashi. Zare wuta gaba ɗaya, hau ka kwance murfin, in ka ga kansa ya kumbura ko yana yoyon mai to shi ne, ka sayo mai lamba irin wadda ke jikinsa. Amma ka kiyaye, yana riƙe wuta ko bayan an zare waya, sai an sauke ta kafin a taɓa. Kuma ka shimfiɗa katako kafin ka taka rufin, alminiyom na lotsawa.

Injiniya Kd:
Maganar Malam Sani haka take, sai dai ka fara gwada wutar tukuna. AC ɗin nan volt 120 yake so, kuma irin tirelolin nan layin amp 30 ake ba su, in ka jona da doguwar siririyar waya daga soket ɗin gareji wuta na faɗuwa daidai lokacin da kwamfiresa zai tashi, haka zai yi ta yi har ya ƙone. Sa mita ka gani.

Maman Sadik:
Mu tamu gidan zanzaro muka tarar ya cika ciki, laka ko'ina har jikin fanka. Baban Hanifa in har yoyon gas ne ka yi lissafi da kyau, tsofaffin AC ɗin nan gas ɗin R-22 suke sha, kuma tun 2020 aka hana yin sa da shigo da shi Amurka, wanda ya rage tsada gare shi. Sabon AC mai ƙarfin sanyaya BTU 13,500 ramin rufi mai inci 14 da 14 yake zama, ka auna naka kafin ka saya.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Injiniya lallai da doguwar waya na jona, gobe in sha Allah zan gwada da mita kafin in hau sama. Malam Sani yaya ake sauke wutar kafasiton?