Neman shawara kan sayen hannun jari ta waya

Baban Khadija, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. An biya ni wani kaso na garatuti bayan na ajiye aikin koyarwa, kuma ba na son kuɗin su zauna a asusu tsadar kaya tana rage musu daraja. Yarana sun ce yanzu mutum yana iya sayen hannun jari daga wayarsa yana zaune a Katsina, ba sai ya nemi dillali a Kano ko Legas ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba ni shawara kan manhajar da za a iya dogara da ita, da kuma matsayin abin a addini.

Malam Akanta, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sa wa kuɗin albarka. Abin da yaran suka faɗa gaskiya ne, kuma sauyin ya faro ne daga waje. A Amurka, kamfanin Robinhood da aka kafa a 2013 ya fito da saye da sayarwa ba tare da la'ada ba, har ya kai manyan dillalai irin su Charles Schwab suka soke tasu la'adar a Oktoban 2019, sannan kullen korona na 2020 ya zaunar da mutane a gida da waya a hannu, miliyoyi suka shigo kasuwa. A Indiya asusun masu hannun jari ya haura miliyan 100 a 2022. A nan gida, abin da ya buɗe idon jama'a shi ne tayin da MTN ya yi a Disamban 2021, inda aka sayar da hannun jari ɗaya a kan naira 169 ta intanet, mafi ƙarancin saye guda 20, wato da naira 3,380 mutum ya zama mai hannu a kamfanin. A 2024 kuma kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, ta buɗe dandalin sayen hannun jari ta intanet mai suna NGX Invest, daidai lokacin da Babban Banki ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, har naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa.

Shawarata ita ce kada Baba ya fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau a ido. A fara duba sunan kamfanin a jerin masu rajista da ke shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, sannan a tabbata cewa za su buɗe wa Baba asusu a CSCS su ba shi lambar CHN, wato lambar shaidarsa ta mai hannun jari. CSCS ita ce ma'ajiyar da ake rubuta sunan mai hannun jari, saboda haka ko manhajar ta rufe gobe, dukiyar tana nan da sunan mai ita, sai dai a sauya dillali. Yawancin manyan bankunanmu suna da reshen dillanci mai manhaja, kuma ga wanda yake farawa na fi son irin waɗannan, domin idan matsala ta taso akwai ofishin da za a shiga a yi magana ido da ido.

Hajiya Maman Abba, Ƙofar Soro: Ina goyon bayan Malam, kuma ina da ƙari daga abin da ya faru a gidanmu. Bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da takardun shaidar hannun jari a ƙasan akwatinsa, a naɗe cikin leda tare da takardar fili, waɗanda ya saya a 2007 lokacin da bankuna suke bin mutane har ofis da fom. Kasuwar ta faɗi warwas a 2008, shi kuma bai sake waiwayar su ba. A wata takardar an rubuta Muhammadu, a wata Mamman, a wata an sa sunan unguwa a matsayin sunan uba, kuma wannan bambancin kaɗai ya sa muka sha zirga-zirga tsakanin kotu da banki kafin magada su sami haƙƙinsu. Don haka Baba ya tabbata sunan da ke BVN da NIN shi ne a asusun dillali harafi da harafi, ya cike fom ɗin da ke sa ribar shekara ta riƙa faɗowa asusun banki kai tsaye, sannan ya rubuta lambar CHN a littafi ya nuna wa uwargida ko babban ɗansa. Dukiyar da ke cikin waya ba ta da takardar da za a tsinta a akwati.

Injiniya, Daura: Da izinin manya, ni ina ganin a raba ƙafa. Naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farkon Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Wanda jarinsa duka yake cikin naira zai iya ganin lamba tana ƙaruwa alhali buhun da take saya yana raguwa. Manhajoji irin su Bamboo da Trove suna ba mutum damar sayen ɗan gutsuren hannun jarin Apple ko Microsoft da kuɗi kaɗan, kuma wannan shi ne ya ja matasa da yawa.

Malam Akanta: Injiniya, maganarka tana da tushe, amma ban ga dacewarta da kuɗin garatuti ba, sai dai ɗan kaso ƙanƙani. A Afrilun 2021 SEC ta yi gargaɗi kan dandalin da ke tallar hannayen jarin waje ba tare da rajista ba, daga baya ne kamfanin Chaka ya zama na farko da ya karɓi lasisin ƙaramin dillali na intanet a watan Yunin shekarar. A Agusta kuma Babban Banki ya samo umarnin kotu na rufe asusun wasu daga cikin kamfanonin nan na kwana 180 kan batun canjin kuɗi. An warware maganar, kamfanonin suna aiki, amma masu jari sun kwana da fargaba. Bayan haka, Amurka tana cire kashi 30 cikin ɗari daga ribar da aka raba wa ɗan Najeriya, alhali a gida kashi 10 ne, ga kuma bambancin farashin dala wajen shiga da wajen fita, wanda shi ne inda "babu la'ada" take ɓoye la'adarta. Hannun jarin gida ma ba ya da tabbas: ma'aunin kasuwar ya haura maki 100,000 a Janairun 2024, amma MTN ɗin da na ambata ya bayyana asara a 2023 da 2024 saboda faɗuwar naira, bai kuma raba ribar 2024 ba.

Ustaz, Sabuwar Unguwa: Game da tambaya ta biyu, Baba, sayen hannun jari tarayya ce a cikin kasuwancin kamfani, saboda haka hukuncin yana bin abin da kamfanin yake yi. Malaman da suka halatta shi sun gindaya sharaɗin a guji masu giya da caca da bankunan da ke cin kuɗin ruwa, a kuma duba yawan bashin ruwan da ke kan kamfanin, sannan a fitar da ɗan abin haram da ya gauraya da ribar a bayar sadaka. Tun 2012 akwai ma'aunin Lotus na Musulunci a kasuwar, wanda yake tace kamfanoni a kan waɗannan sharuɗɗa, kuma akwai Lotus Halal Equity ETF da ke tara su wuri ɗaya ga wanda ba zai iya tantancewa da kansa ba. Bankin Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. Ga mai shekarun Baba kuwa na fi karkata ga sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato jarin da ake zubawa bisa tsarin Musulunci ba tare da kuɗin ruwa ba, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a Satumban 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, kuma ana shiga da naira 10,000. Idan manhaja ta yi tayin ranta wa Baba kuɗi don ya ƙara saye, ya ƙi, domin bashin ruwa ne.

Alhaji Mai Hatsi, Daura: Ni gargaɗi ne nawa. A kasuwar Mai'aduwa dillali yana cin la'adarsa ne ko mai sa ya ci riba ko ya faɗi, kuma babu dillalin kirki da zai rantse maka cewa sanka zai ninka kuɗinsa cikin wata guda. Duk manhajar da ta yi irin wannan alkawari ba dillali ba ce. MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, kuma dukansu ta hannun 'yan uwa da abokai suka shiga gidaje, saboda ana ba mutum lada idan ya kawo wani. Dokar zuba jari da aka sanya wa hannu a Maris 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu irin wannan damfara, amma ɗaure su ba ya dawo da garatutin kowa.

Baban Khadija: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: idan larurar asibiti ko aurar da yarinya ta taso, cikin kwana nawa kuɗin suke dawowa hannuna?

Malam Akanta: Idan hannun jarin babban kamfani ne da ake cinikinsa kullum, kamar Dangote Cement ko BUA Foods, ana sayarwa a ranakun aiki, kuma a Nuwamban 2025 an rage wa'adin kammala ciniki daga kwana uku na aiki zuwa biyu, sai a ƙara lokacin da dillali zai tura kuɗin banki. Sai dai farashin ranar za a karɓa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Sukuk ma ana iya sayar da shi kafin wa'adinsa, amma samun mai saye yakan ɗauki lokaci. Saboda haka kuɗin asibiti da na bikin da aka riga aka sa wa rana su zauna a banki, abin da ya rage ne za a kai kasuwa. Idan Baba ya zaɓi kamfani, ya turo sunansa nan mu duba shi tare a jerin SEC kafin a tura ko kwabo.