Yaya ake auna tsallakawar elektiron daga molekul zuwa doron ƙarfe idan ta fi walƙiyar leza sauri?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum, malamai. Ina nazari a kan molekulolin da ke manne a doron ƙarfe ko a kan titaniyam dayoksaid, irin wanda ake amfani da shi a faifan hasken rana mai rini. An ce idan haske ya zaburar da molekul, elektiron yana iya tsallakawa zuwa doron cikin 'yan femtosakan, alhali femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan biliyan na daƙiƙa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, walƙiyar lezar titaniyam-saffaya da aka saba aiki da ita takan ɗauki gomman femtosakan. Ta yaya za a auna abin da ya riga ya ƙare kafin ma'aunin ya gama ƙiftawa?

Mai Aikin Leza:
Wa alaikumus salam, malama. Kada ki yi saurin sallamar leza. Ana aika walƙiya ta farko ta ɗaga elektiron zuwa matakin makamashi da ke sama, sai a jinkirta ta biyu ta zo ta fizge shi waje, a auna ƙarfinsa, kuma jinkirin nan ana samun sa ne ta hanyar matsar da madubi, domin haske yana tafiyar kusan maikiromita 0.3 ne kawai (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita) cikin femtosakan ɗaya. Da wannan aka bi elektiron a kan atam na siziyam da ke zaune a doron tagulla, inda yake jimawa gomman femtosakan. Amma idan abin ya sauka zuwa femtosakan ɗaya ko biyu, gaskiyarki ce, hanyar tana shan wahala.

Malamin Sinkirotiron:
A nan ne ake komawa ga agogon da ke cikin atam ɗin kansa. Ana haska molekul da hasken eksire daga sinkirotiron, wato babbar na'ura mai samar da hasken eksire, a daidaita ƙarfinsa, wato makamashin ƙwayar hasken ba yawansa ba, yadda zai ɗauko elektiron daga can kusa da cibiyar atam ya ɗora shi a matakin da ba kowa. Gurbin da ya bari ba ya daɗewa a buɗe, kuma tsawon ransa sananne ne: na naitirojin da na kabon suna kusan femtosakan 6, na oksijin kusan 4. Lokacin da gurbin zai cike, wani elektiron yana fita waje, wanda ake kira elektiron na Auger.

Daga nan lamarin ya zama tsere. Idan elektiron da aka ɗaga yana nan a kan molekul sa'ad da gurbin ya cike, ƙarfin wanda ya fita yana bin ƙarfin hasken, wato idan an ƙara wannan, wancan ma ya ƙaru. Idan kuwa ya riga ya tsere zuwa doron, ƙarfin mai fita yana tsayawa wuri ɗaya ko da an sauya hasken. Sai a raba girman alamar farko da girman ta biyu, a ninka da tsawon ran gurbin, lokacin tsallakawa ya fito. Da haka Schnadt da abokan aikinsa suka nuna a 2002 cewa daga wani ɓangaren rini zuwa titaniyam dayoksaid abin bai kai femtosakan 3 ba, sannan a 2005 Föhlisch da nasa abokan suka yi amfani da wani gurbin salfa mai rai kusan rabin femtosakan, suka samu attosakan 320, wato femtosakan 0.32, daga atam na salfa zuwa doron ƙarfen ruteniyam.

Ɗalibar Fiziks:
Na gode, malam. To shin adadin da aka samu ta wannan hanya daidai yake da abin da ke faruwa idan hasken rana ne ya taɓa rinin?

Malamin Sinkirotiron:
Ba lallai ba ne, kuma wannan ne wurin da nake ganin ya kamata mai karatu ya yi hattara. Gurbin da aka buɗe yana jan elektiron ɗin zuwa gare shi, yana sauke matakin ƙasa da inda yake a molekul da ba a buɗe masa gurbi ba. A kan titaniyam dayoksaid wannan saukar tana iya kai matakin farko ƙarƙashin bakin zangon da elektiron ke yawo a cikinsa, ta yadda tsallakawa daga can ba za ta yiwu ba, dole a auna matakan da ke sama da shi. Ban da haka, agogon yana gani ne tsakanin kashi ɗaya cikin goma na ran gurbin zuwa ninkinsa goma, kuma lissafin ya ginu a kan cewa tafiyar elektiron da cikewar gurbi ba sa shafar juna. Ribarsa ita ce kin san daga wane atam elektiron ya tashi, abin da lezar haske mai ganuwa ba ta faɗa miki. Idan rinin naki yana da naitirojin, ki fara da shi, sannan ki auna molekul ɗin cikin kauri mai hawa da yawa, inda ba ya taɓa doron, domin ki samu abin kwatantawa.