"Hanyar lafiya a bi ta da shekara": shin ta shafi yanke a madannan kwamfuta?

Akawun Shagon Atamfa: Assalamu alaikum. Ina neman fahimtarku a kan wannan karin magana, domin maigidana yana yawan kawo mini ita a inda nake ganin ba muhallinta ba ne. Muna riƙe lissafin shago da manhajar Tally, wadda wani kamfanin Indiya ya yi, kuma kusan duk aikinta da madannai ake yi: F8 don shigar da ciniki, F9 don kayan da aka saro, F5 don kuɗin da aka biya, F6 don kuɗin da aka karɓa, sannan Ctrl da A don adana takarda. Alhaji ba ya son ya ga hannuna bai taɓa linzamin kwamfuta ba, ya fi so in bi jerin zaɓi ɗaya bayan ɗaya, kuma hujjarsa kullum ita ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Shin haka ake amfani da ita?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Maganar ta matafiyi ce wanda yake da hanya biyu a gabansa, ɗaya gajeriya amma akwai fashi ko kogin da ba a san zurfinsa ba, ɗaya doguwa amma babu abin tsoro. Nauyinta yana kan lafiya, ba a kan shekara ba. Bahaushe bai yabi doguwar hanya don tsawonta ba, kuma babu wanda yake faɗa wa ɗan gari wannan magana idan ya bi lungun da ya sani ya riga baƙo isa masallaci. Saboda haka abin tambaya shi ne ko akwai haɗari a madannan nan. Idan babu, Alhaji ya aje maganar a inda ba ta zauna ba.

Hajiya Mai Kayan Masarufi: Malam, akwai haɗari, kuma ni ina bayan Alhaji. Yarinyar da take riƙe mini lissafi ta fara koyo ne a Excel, inda Ctrl da D yake kwafo abin da yake layin sama zuwa na ƙasa. A QuickBooks na kwamfuta kuwa, manhajar lissafin kuɗi da muke amfani da ita, wannan dannawar goge takardar da take buɗe take yi. Gaskiya ne manhajar tana tambaya ko an tabbata, amma yatsan da ya saba danna Enter ba ya tsayawa karatu. Haka takardar bashin wani mai sari, ta katan ɗin taliya da jarkokin mai, ta ɓace daga lissafi, sai ƙarshen wata da ya zo biya muka ga littafinsa da namu sun saɓa. Mun yini muna bin kwafin rasit ɗaya-ɗaya. Idan wannan ba sauri ya haifi nawa ba ne, ban san mene ne ba.

Tsohon Mai Binciken Kuɗi: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba, amma ina ganin ba sauri ne ya yi wannan ɓarna ba, ɗaukar al'adar wata manhaja zuwa wata ce. Ku dubi Ctrl da A kaɗai: a Excel yana zaɓar komai, a Tally yana adana takarda, a QuickBooks na kwamfuta yana buɗe jerin asusai. Ctrl da W yana buɗe takardar rubuta cek a QuickBooks na kwamfuta, alhali a burauza, wato manhajar shiga intanet, rufe shafi yake yi, shi ya sa QuickBooks na intanet yake haɗa Ctrl da Alt, misali Ctrl da Alt da I don takardar ciniki, Ctrl da Alt da X don kashe kuɗi. Wanda ya san wannan bambanci, madannai ne hanyarsa ta lafiya.

Ina ƙara da cewa linzamin ma ba shi da amincin da ake ba shi. Kuskuren da na fi cin karo da shi a littattafan ƙananan 'yan kasuwa shi ne na kwanan wata, inda mutum zai buɗe ɗan kalandar nan ya danna 3 ga wata alhali kalandar tana kan watan da ya wuce, ciniki ya faɗa watan da aka riga aka fitar da harajin VAT ɗinsa na kashi 7.5 cikin ɗari. A QuickBooks, idan kana gurbin kwanan wata, harafin T yana kawo ranar yau, M farkon wata, H ƙarshensa, alamar tarawa da ta debewa kuma suna matsawa gaba ko baya da kwana ɗaya. Nan babu inda hannu zai zame.

Akawun Shagon Atamfa: Yallaɓai, na gode. To amma me zan ce wa Alhaji, tun da ba zan yi masa musun karin magana ba?

Tsohon Mai Binciken Kuɗi: Kada ka yi musu. Abin da yake damunsa shi ne idonsa ba ya iya bin abin da kake yi da dukiyarsa, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya. Ka riƙa buɗe masa littafin ciniki na yini kafin a rufe shago, ku bi shi tare da rasit. Idan takarda ta ɓaci a Tally, ka soke ta da Alt da X maimakon ka goge ta da Alt da D, domin sokakkiya tana nan da lambarta kowa yana gani. Ke kuma Hajiya, QuickBooks yana da rahoton da yake nuna abin da aka goge da wanda ya goge, yana kuma ba da damar rufe watan da ya wuce da kalmar sirri.

Malamin Hausa: Game da maganar da Hajiya ta kawo, sauri ya haifi nawa ana faɗarta ne bayan abu ya lalace, ga wanda ya yi garaje a aikin da bai ƙware ba. Ba a faɗa wa gwani ita don hannunsa yana da hanzari. Masu kawo sannu ba ta hana zuwa kuma su riƙa ƙarasa ta, domin ƙarshenta yana cewa sai dai a daɗe ba a je ba, kuma akawun da rasit ɗin sati guda suka taru masa a aljihun tebur ya san kuɗin wannan daɗewar.

Hajiya Mai Kayan Masarufi: Na karɓi bayaninku a kan madannan shigar da ciniki da na kwanan wata, kuma zan sa a rubuta su a manna a gefen kwamfuta. Amma a kan gogewa ina nan a kan bakana, Malam: wannan hanya ce mai kogi, kuma a shagona sai an kira ni kafin a goge ko da takardar naira ɗari biyar ce. Yallaɓai, ka yi mini bayanin inda ake hana ma'aikaci ikon gogewa gaba ɗaya, domin shi nake so in fara yi.