Jaririya mai idon mage a Mabera: gardamar da ta tashi a zauren danginmu

Daga zauren WhatsApp na gidanmu, daren da Auta ta dawo daga suna.

Auta: Salamu alaikum. Yau na ga ikon Allah a gidan maƙwabtanmu nan Mabera, cikin Sakkwato. Jaririyar baƙa ce kamar uwarta, amma idanunta shuɗaye ne tar, irin na mage. Mata sai ƙus-ƙus, mai jego ko kunu ta kasa sha. Dangin miji sun fara magana.

Kawu: Dole su yi magana. Tun tasowata garin ga ban ga Bahaushe ya haifi mai shuɗin ido ba, sai in jini ya gauraya. Ko Bature, ko Balarabe, ko Buzu.

Goggo: Mu dai da muna yara cewa aka ɗan ruwa ne, musanya anka yi.

Malam: Kawu, a yi hattara, da irin wagga magana ƙazafi ke farawa. Yana cikin Bukhari da Muslim, wani ya zo wa Annabi (SAW) cewa matarsa ta haifi baƙin yaro. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai, wataƙila gado ya ɗauko daga can baya. Annabi ya ce to ɗanka ma wataƙila haka ne, bai ba shi damar kore yaron ba.

Kawu: Malam, ban ce matar ta aikata komi ba. Kai ma ka ce gado. To gadon daga ina? Daga Illela zuwa Ƙonni har Agadas auratayya muke tun kaka da kakanni. Can baya akwai farin mutum, shi ke nan maganata.

Ɗan Jami'a: Ina bayan Kawu. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kofanhegan, ƙarƙashin Hans Eiberg, sun ce masu shuɗin ido sun gaji sauyi guda ne a ƙwayar gado mai suna HERC2, daga mutum ɗaya da ya rayu shekara 6,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Kun ga tushe ɗaya ke nan.

Nas: Ƙanena, ka karanta rabi ka bar rabi. Wannan binciken kan shuɗin ido irin na Turawa ne, kuma ba ita kaɗai ce hanya ba.

Da farko ma, babu wani shuɗin launi a cikin idon kowa. Sinadarin melanin da ke sa fatarmu baƙi, shi ke rina zoben da ke kewaye da ɗigon tsakiyar ido. In ya yi yawa, ido ya yi baƙi. In ya yi ƙaranci, haske ne ke watsuwa a ciki sai a ga shuɗi, kamar yadda sama ke shuɗi ba wanda ya shafa mata baba. Don haka duk abin da ya hana melanin isa wurin zai ba da wannan launi, ko da kakanninka dubu duk baƙaƙe ne.

Akwai larurar da ake kira Waardenburg, sunan likitan idon Holan da ya bayyana ta a 1951. Tana samun kusan mutum 1 cikin 40,000, kowace ƙabila. Mai ita kan zo da ido shuɗi tar, wani ido ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, wani ma rabin ido ne kawai. Sau da yawa akwai farin gashi a goshi tun yarinta, ko tazara tsakanin idanu. Abin da ya fi damuna shi ne wasunsu ba sa ji, kunne ɗaya ko duka biyu.

Kawu: Ke nan cuta ce?

Nas: Launin kansa ba ya hana gani, Kawu. Kuma ban ce ita ce da jaririyar ba, ban gan ta ba. Cewa nake ana binciken uwa, alhali kunnen ɗiyar ya kamata a bincika. In da matsalar ji, gara a gano tun tana wata uku, ba sai ta shekara biyu ba ta ce Inna ba.

Auta: Yaya, kin tuna matar nan ta Ilori a 2020? Ita da 'ya'yanta mata biyu duk shuɗin ido, har aure ya nemi mutuwa a kai. Ita ma ba Baturiya ba ce.

Ɗan Jami'a: Amma Yaya, in Waardenburg gado ce, ai sai an ga alama ga uwa ko uba.

Nas: Galibi ɗaya daga cikinsu na ɗauke da ita, amma alamar kan ɓoye. Wani furfura ce kawai ta yi masa sammako, ba wanda ya kula. Wani lokacin kuma a kan yaron ta fara.

Goggo: Tsaya. Auta, gidan da ke kallon masallaci? Kakan jaririyar ai na san shi. Tun yana saurayi shina da farin gashi nan gaban goshi, har Mai Tozali muke ce mai don tsokana, wai ya shafa alli ya manta kwalli.

Auta: Goggo, gidan ne!

Kawu: Farin gashi daban, ido daban. Kada a ɗaura aure da zato.

Malam: Ashe Kawu ya san zato ba hujja ba ne.

Goggo: To ni ina da tambaya. Tsohonmu kafin ya rasu idonsa ya koma shuɗi-shuɗi. Shi ma Bature ya zama da tsufa?

Nas: Allah ya jiƙansa. Wancan zoben kitse ne da ke taruwa a gefen baƙin ido, tsofaffi da yawa na da shi, ba ya taɓa gani. In matashi ne ya fito masa, sai a auna kitsen jininsa. Na jarirai da ke ba ni tsoro daban ne: in gaban idon ya yi hazo, ya girma, yana yawan hawaye yana gudun haske, hawan jinin ido ne ake zargi. In kuma ɗigon tsakiya ne ya yi fari, musamman a hoto, zai iya zama yanar ido ko ciwon daji. Mutane duk idon mage suke ce musu. Waɗannan ba a kwana da su, kuma don Allah ban da ɗiga nono ko tozali. Auta, tsakiyar idon baƙi ne?

Auta: Baƙi ƙirin, kuma idon garau yake.

Nas: Alhamdulillahi. Duk da haka su kai ta asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo, sashen ido da na kunne.

Kawu: Ni dai ban janye ba, a bi salsalar gidan za a tarar da Buzu. Amma uban yarinyar yana jin maganata. Gobe bayan Azahar zan same shi, kada uwarsa ta riga ni.

Goggo: Ka biyo ka ɗauke ni, ni zan tuna mata goshin mijinta.