Da gaske ɗan Adam ya taka wata a 1969? To me ya hana a koma?

ƊanFagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman wanda zai warware min wani abu. Jiya bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi aka ɗauke wuta, ga farin wata tar, shi ne wani abokinmu ya ɗaga kai ya ce shi fa har gobe bai yarda wani mahaluki ya taɓa taka wata ba, wai duk haɗi ne na Amurkawa a ɗakin shirya fim. Musu ya kaure har shayi ya huce. Hujjarsa biyu, na farko in har sun je a 1969 lokacin da ko wayar hannu babu, me ya hana su komawa yau sama da shekara 50, na biyu ya aka yi tuta ke kaɗawa alhali an ce babu iska a can. Abin da ya dame ni ƙanena yana gefena, ɗan aji uku ne a ƙaramar sakandare kuma ba shi da zance sai na taurari, da muka shiga gida ya ce min "Yaya, wai ƙarya ce?" Wallahi ban san me zan ce masa ba, kuma bana so in kashe masa gwiwa da amsar da ni kaina ban tabbatar ba.

MalaminFiziks:
Wa alaikumus salam. Ka ce wa ƙanenka an je, kuma ba sau ɗaya ba, sau 6 aka sauka tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 ne suka taka ƙasar wata. Na farko Apollo 11, ya tashi daga Florida ran 16 ga Yulin 1969, ran 20 ga wata Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka, na ukunsu Michael Collins yana sama cikin babban kumbon yana zagaye yana jiran su.

Amsar me ya hana a koma tana cikin dalilin da ya sa aka je tun farko. Gasa ce da Tarayyar Sobiyet. Rashawa sun riga su harba tauraron ɗan Adam, Sputnik, a 1957, suka sake riga su kai mutum sama, Yuri Gagarin, ran 12 ga Afrilun 1961, abin ya yi wa Amurka ciwo sosai, shi ne wata guda da 'yan kwanaki bayan nan shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisa ya ce kafin shekarun 1960 su ƙare sai sun kai mutum wata sun dawo da shi lafiya. Daga nan aka buɗe bakin aljihu, kusan dala biliyan 25 na wancan zamanin, mutum wajen 400,000 suka yi aikin, akwai shekarar da NASA, hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, ita kaɗai ta ci sama da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin tarayyarsu, yanzu ko rabin kashi ɗaya ba ta kaiwa. Da aka ci gasar sai ɗoki ya kwanta, ga yaƙin Biyetnam na cin kuɗi, aka soke Apollo 18 da 19 da 20, aka rufe masana'antun da ke ƙera rokar Saturn V, ma'aikata suka watse. Ilimin bai ɓace ba, kuɗin da niyyar ne suka janye.

Zancen tuta kuwa sun san babu iska, shi ya sa suka zura mata sanda a gefen sama don ta miƙe, kuma sandar ba ta gama buɗewa ba sai ƙyallen ya tattare. In ka kalli bidiyon da kyau tana motsi ne lokacin da suke murɗa sandar cikin ƙasa, da sun sake ta ta lafa shikenan ba ta ƙara motsi.

Amma ni hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce Rashawa. Suna da na'urorin bin diddigin kumbo, a makon ma suna da nasu marar matuƙi, Luna 15, yana zagaya wata, ya faɗi ya tarwatse ran 21 ga Yuli su Armstrong na can ƙasa. Da ƙarya ce ai su za su fara tona asiri, amma gwamnatin Sobiyet ba ta taɓa musantawa ba. Ga duwatsu da ƙasa kilo 382 da aka kwaso masana na ƙasashe da dama suna ta bincike a kai, ga madubin da aka bari a can wanda har yau ake harba masa hasken lesa ya dawo a auna nisan wata da shi, wajen kilomita 384,000.

BabanGwale:
Ɗana, ni ina da shekara 15 a lokacin, kuma ina tuna daren. Damina ce, ana tsakiyar yaƙin basasa, kowa kunnensa na kan rediyo saboda labarin fagen daga. Mahaifina Allah ya jiƙansa yana da rediyo mai batir da yake ajiyewa a zaure, da aka faɗi labarin sai duk muka fito ƙofar gida muna leƙen sama, watan ma bai kai rabi ba, wani dattijo maƙwabcinmu ya daɗe yana kallo bai ce komai ba sai can ya ce Allah mai iko. Musun da kuke yi yau mu ma an yi shi a lokacin, ba sabo ba ne.

Abin da nake so ka faɗa wa yaron nan shi ne, mu nan Kano muna da hannu a farkon tafiyar. Kafin Apollo akwai shirin Mercury da Gemini, lokacin kumbo ba ya iya magana da Amurka in ya zagayo wannan ɓangaren na duniya, sai NASA ta kafa tashoshi a wurare daban-daban, ɗaya a Kano ɗaya a Zanzibar. Da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya ran 20 ga Fabrairun 1962 ya yi magana da tashar Kano, har ya ce musu yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, ka ga kuwa Fabrairu ai lokacin hazo ne. Sannan a Agustan 1963 Kennedy ya yi waya da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2. Yaranmu ba su san wannan ba kuma abin yana damuna.

'YarDamagaram:
Sannunku da ƙoƙari, Baba mun gode da wannan tarihi wallahi ban taɓa ji ba. Malam ni tambayata, tun muna yara a Zinder muke jin wai Armstrong ya ji kiran salla a wata, da ya je Masar ya sake ji sai ya musulunta, gaskiya ne? Sannan ita kwamfutar tasu da ake cewa ba ta kai waya ba, ya aka yi ta kai su?

MalaminFiziks:
Malama wannan labarin ya yaɗu ƙwarai amma bai inganta ba, shi Armstrong da kansa ya musanta, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fitar da sanarwa a kai a 1983. Gara mu daina yaɗa shi, addininmu ba ya buƙatar a tallafe shi da abin da bai faru ba. In Musulmi ake nema a sama akwai Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya da ya je a 1985 cikin kumbon Discovery.

Kwamfutar kuwa gaskiya ne ƙarama ce, ma'ajiyar aikinta wajen kilobait 4, amma aiki ɗaya aka gina ta ta yi, lissafin hanya da sarrafa kumbo, ga manyan kwamfutoci da ɗaruruwan injiniyoyi a Houston suna taya ta. Manhajar ma saƙa ta aka yi da hannu, mata ne suka zauna suna zura waya ta cikin ƙananan zobba kamar masu ɗinki. Suna dab da sauka aiki ya yi mata yawa ta fara ƙarar gargaɗi mai lamba 1202, sai ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe muhimman kamar yadda su Margaret Hamilton, masu rubuta manhajar, suka tsara ta, Armstrong kuma ya hango duwatsu a inda za su dira ya karɓi tuƙi ya matsa gaba, suka sauka mai na dab da ƙarewa. Kuma kar a manta an rasa rayuka, mutum 3 wuta ta cinye a gwajin Apollo 1 a Janairun 1967, 'yan Apollo 13 kuma da ƙyar suka dawo a 1970 bayan tankin iskar shaƙa ya fashe musu a hanya.

ƊanFagge:
Malam Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Na karanta wa ƙanen nawa duka, da muka zo wajen tashar Kano sai da ya sa na maimaita masa sau biyu. Yanzu ya matsa min wai sai mun nemo inda tashar take mun je ya gani da idonsa. Baba dan Allah in kun san unguwar ko wanda zai iya nuna mana ku taimaka, ranar Asabar ba shi da makaranta.